Karatun Hulɗar Ƙasashe: Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne

Ko wace shekara, in lokacin neman shiga jami'a ya yi, iyaye su kan zo wurin malaman makaranta da akawunan ofis riƙe da takardun 'ya'yansu, suna neman shawara a kan abin da yaro zai karanta. A da, in an tambayi yaro abin da ya ke so ya zama, sai ya ce likita, ko alƙali, ko injiniya. Yanzu kuwa an sami ƙarin wani buri, watau karatun hulɗar ƙasashe, wanda waɗansu ke kira ilmin harkokin ƙasashen waje. In ka ce wa yaro, to, in ka gama fa? Sai ya ce zai zama jakada. Uban kuma ya ji daɗi, ya koma gida ya shiga lissafin buhunan hatsin da zai sayar, da ɗan bijimin da zai kai kasuwa, don a biya kuɗin shekara huɗu. Tun da ya ke mu malamai da ma'aikata mu a ke tambaya, kuma abin da muka faɗa shi a ke ɗauka, wajibi ne mu san abin da ke cikin wannan karatu, da inda ya ke kai mutum, kada mu tura ɗan wani kan hanyar da mu kanmu ba mu san ƙarshenta ba.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, wannan ilmi yana da amfani ƙwarai, kuma mutanenmu suna bukatarsa fiye da yadda su ke zato. Amma takardar digiri ita kaɗai ba ta kai yaro ofishin jakadanci, ba ta kuma ba shi abinci. Wanda ke cin moriyar wannan karatu shi ne wanda ya haɗa shi da harshen maƙwabta, da iya riƙe alƙalami, da wata sana'a da zai riƙe a ɗaya hannun. Waɗannan kuwa tun a ƙananan makarantu a ke shuka su, watau a hannunmu.

Asalin wannan karatu

Aika manzo tsakanin sarki da sarki tsohon abu ne a ƙasashenmu. Wajen shekarar 1391 Mai na Barno ya rubuta wa Sarkin Masar, Barƙuƙ, takarda yana kai ƙarar waɗansu Larabawa da ke kama talakawansa suna sayarwa. Cikin shekarun 1570 Mai Idirisu Aloma ya aika jakadu har Santanbul. A 1824 kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓi Baturen nan Clapperton a Sakkwato, Waziri Giɗaɗo ya zama mai masaukinsa, da zai koma aka haɗa shi da takarda zuwa ga Sarkin Ingila. Duk waɗanda suka yi irin wannan aiki a fada suka koye shi, wurin iyayensu da malamansu.

Mai da shi darasin jami'a kuwa bai daɗe ba. Yaƙin Duniya na Farko, wanda aka yi daga 1914 zuwa 1918, ya ci rayukan miliyoyin mutane. Da ƙura ta lafa, sai tunani ya zo wa waɗansu cewa, tun da a ke zama a binciki dalilin cuta don a yi magani, ya kamata a zauna a binciki dalilin yaƙi. A 1919 wani attajiri mai suna David Davies ya ba da dukiya aka kafa kujerar shehun malami ta wannan fanni a kwalejin Aberystwyth da ke ƙasar Wales, aka sa mata sunan Shugaban Amurka Woodrow Wilson. A shekarar nan dai Jami'ar Georgetown da ke Washington ta buɗe makarantar horon masu aikin ƙasashen waje, a 1927 kuma aka buɗe wata a Jeneba ta ƙasar Suwizalan.

A nan Nijeriya, an kafa Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙasashen Waje a Ikko a 1961. Jami'ar Ife ta keɓe wa fannin sashe nasa tun cikin shekarun 1970, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma tana koyar da shi tare da kimiyyar siyasa, ga kuma jami'o'i da dama da suka biyo baya. Kamaru ta kafa tata makarantar a Yawunde a 1971, inda 'yan ƙasashen Afirka da yawa suka sami horo.

Abin da a ke koya wa ɗalibi cikin shekara huɗun nan ya haɗa da tarihin yaƙoƙi da yarjejeniyoyi, da dokar da ke tsakanin ƙasa da ƙasa, da sha'anin ciniki da bashi da musayar kuɗi, da tsarin manyan ƙungiyoyi irin su Majalisar Ɗinkin Duniya, da hanyoyin sasanta masu faɗa, da kuma manufofin da Nijeriya ta bi tun daga samun mulkin kai. Ilmi ne mai faɗi, mai buɗe ido. Sai dai akwai wani abu guda da ya kamata ko wane uba ya sani. Likita in ya gama karatu hukuma tana ba shi izinin yin aikin da wani ba shi da ikon taɓawa, lauya ma haka. Shi kuwa wanda ya karanta hulɗar ƙasashe ba wani aiki da doka ta keɓe masa. Duk gurbin da ya nema, zai tarar da wanda ya karanta shari'a, da mai tarihi, da mai tattalin arziki, da mai Faransanci, suna tsaye a layi guda da shi.

Dalilin da ya sa mu ke bukatarsa

Kada wani ya ce wannan magana ce ta mutanen Abuja da Niyok, ba ruwan mai noman gero da ita. Iyakar da ta raba Nijeriya da Nijar, wadda tsawonta ya kai kimanin kilomita 1,500, Ingila da Faransa ne suka shata ta da yarjejeniyoyin 1890, da 1898, da 1904, da 1906. Da farko layi suka ja daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi, daga baya suka yi ta gyara shi, musamman don Faransawa su sami hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Damagaram. Ba a kira Bakatsine ko Bagobiri ko guda an tambaye shi ba. Da haka Katsina ta faɗa wannan gefe Maraɗi ta faɗa wancan, Sabon Birni nan, Tsibiri can. Wanda ba ya wurin da a ke yanke magana, abin da aka yanke shi zai ɗauka, har jikokinsa.

In an ce wannan tsohon labari ne, to, ga na kusa. Ran 10 ga Oktoba 2002 Kotun Duniya ta yanke shari'ar iyaka tsakanin Nijeriya da Kamaru. Jama'a sun fi tunawa da Bakassi, wadda aka gama miƙawa a 2008. Amma hukuncin ya shafi bakin tafkin Cadi ma, inda aka miƙa wa Kamaru ƙauyuka fiye da 30, har da Darak, a ƙarshen 2003. Masunta da manoman da ke zaune a wurin suka wayi gari ƙarƙashin wata tuta. Da me aka yi wannan shari'a? Da tsofaffin takardu da taswirori, irin su yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913, da takardun da Ingila da Faransa suka yi musaya a 1931. Mutanen da suka iya karanta waɗannan takardu su ne suka tsaya a gaban alƙalai.

Haka kuma duk wanda ke zaune kusa da Jibiya, ko Illela, ko Maigatari, ko Kamba, ya ga abin da ya faru da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ya kuma sake gani bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sa'ad da ECOWAS ta sa takunkumi, aka yanke wutar lantarki, manyan motoci suka yi jerin gwano kaya na lalacewa, aka hana ɗan'uwa zuwa jana'izar ɗan'uwansa. An ɗage takunkumin a farkon 2024, amma a Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar, wadda aka kafa tare da su a Ikko a 1975. Ko mene ne ra'ayin mutum game da wanda ke da gaskiya, ba mai musun cewa talakan kan iyaka shi ya fi ɗanɗana kuɗarsa.

Ga kuma maganar ruwa. Kwara tana ratso Gini da Mali da Nijar da gefen Benin kafin ta iso Kainji. Kogin Yobe kuma, wanda ruwansa ke fitowa daga wajen Kano da Bauci, shi ne iyaka tsakanin Nijeriya da yankin Diffa kafin ya faɗa tafkin Cadi. In na sama ya datse, na ƙasa ya sha ƙishirwa. Sabo da haka aka kafa Hukumar Tafkin Cadi a 1964, mai mazauni a Njamena, da hukumar kogin Kwara mai mazauni a Yamai, aka kuma ƙulla yarjejeniyar raba ruwa tsakanin Nijeriya da Nijar a Maiduguri a 1990. A ko wane ɗaya daga cikin waɗannan tarurruka wani ne ke magana da sunanmu. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Yaron da ya tashi a Gaidam ko Daura, wanda ya san kasuwannin kan iyaka da hanyoyin makiyaya, in ya sami wannan ilmi ya fi kowa cancantar zama a kujerar.

Ƙofar jakadanci

To, sai mu zo ga burin yaranmu. Nijeriya ta fara ɗaukar ma'aikatan harkokin waje a 1957, mutum 12, cikinsu har da Alhaji Aminu Sanusi na Kano, aka tura su koyon aiki a ofisoshin Ingila kafin mulkin kai. Ran 7 ga Oktoba 1960 ƙasar ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya, ita ce ta 99, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tsaya ya yi jawabi. A wancan lokaci gurabe sun fi masu ilmi yawa. Yau abin ya juya. Ofisoshin jakadancin Nijeriya duka 100 ne da 'yan kai, jami'o'in da ke yaye masu wannan digiri kuwa sai ƙaruwa su ke yi, ma'aikatar kuma ba ko wace shekara ta ke ɗaukar sababbi ba.

Wanda ya yi sa'a ya shiga, ta hannun Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Tarayya zai bi, a ba shi horo a makarantar ma'aikatar, ya fara daga ƙasa yana Sakatare na Uku. Daga nan sai na Biyu, sai na Ɗaya, sai Mashawarci, hawa-hawa. Kafin a kira shi jakada furfura ta fara fito masa, in ma ya kai. Kada kuma a manta, Shugaban Ƙasa shi ke naɗa jakadu da yardar Majalisar Dattawa, kuma wani kaso na kujerun 'yan siyasa a ke ba, waɗanda ba su taɓa aiki a ma'aikatar ba.

Aikin kansa ma ba yadda yara ke hange ya ke ba. Su abin da su ke gani mota mai tuta, da liyafa, da kāriyar da yarjejeniyar Biyana ta 1961 ta ba jakadu, wadda ta hana a kama su ko a buɗe jakar wasiƙunsu. Abin da ba su gani shi ne ƙaramin ma'aikaci zaune har dare yana taƙaita jawabin awa uku cikin shafi guda, don ya isa Abuja kafin gari ya waye. Ba su ganin wanda ke ofishin ƙaramin jakada a Jidda yana fama da alhajin da ya ɓatar da fasfo, da takardun wanda ya rasu, da ziyarar ɗan ƙasa da ke tsare a kurkuku, kamar yadda yarjejeniyar 1963 ta ba shi iko. Yawancin aikin na rubutu ne da haƙuri da kame baki, gama magana zarar bunu ce, kalma guda in ta kuɓuce wa wakilin ƙasa ba a iya mai da ita.

Ƙofar Majalisar Ɗinkin Duniya ma a tsuke ta ke. Tana da jarrabawar ɗaukar matasa, wadda sai mai digiri wanda bai wuce shekara 32 ba, wanda ya ƙware a Ingilishi ko Faransanci, kuma ba ko wace shekara a ke sa sunan ko wace ƙasa ba, don an fi duba ƙasashen da ba su da isassun ma'aikata a can. Mai nema zai kara da samarin duniya duka.

Sauran ƙofofi

Ba mu faɗi wannan don mu karya wa kowa gwiwa ba. Mun faɗa ne don yaro ya san gidan yana da ƙofofi da yawa, kada ya tsaya yana ƙwanƙwasa guda ɗaya har ƙuruciyarsa ta wuce.

A cikin aikin Gwamnati akwai Hukumar Shige da Fice, da Kwastan, da Hukumar Iyakoki, da Hukumar Alhazai, da sassan ma'aikatun ciniki da kuɗi da ruwa masu hulɗa da waje. Akwai aikin soja da na 'yan sanda, waɗanda tun zuwansu Kwango a 1960 su ke fita aikin kiyaye zaman lafiya. Akwai kuma shirin nan da aka kafa a 1987 na tura ƙwararrun Nijeriya su yi aikin shekara biyu a ƙasashen Afirka da waɗansu tsibirai.

A cikin ƙungiyoyin ƙasashe, hedkwatar ECOWAS a Abuja ta ke, ta Tarayyar Afirka a Adis Ababa, ofishin yarjejeniyar cinikin Afirka, wadda aka sa wa hannu a Kigali a 2018, yana Akara ta ƙasar Gana. Rikicin arewa maso gabas kuma ya jawo hukumomin agaji da na 'yan gudun hijira zuwa Maiduguri da Diffa da arewacin Kamaru, kuma kullum bukatarsu ita ce wanda ya san dokar agaji, ya ji harshen mutanen wurin, ya kuma iya rubuta rahoto.

Akwai aikin jarida. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na Muryar Jamus a 1963, na Rediyon Faransa a 2007, ban da gidajen rediyo da jaridu na gida. Wanda zai bayyana wa mai sauraro a ƙauye dalilin da ya sa yaƙin Rasha da Yukren na 2022 ya tsauwala kuɗin taki da alkama, tilas ya fahimci abin shi kansa tukuna. Akwai kuma ciniki. 'Yan kasuwar Dawanau da ke fitar da riɗi da citta da zoɓorodo, da bankuna da kamfanonin da suka buɗe rassa a ƙasashen Afirka, duk suna bukatar wanda ya san ƙa'idar fito da takardun kan iyaka. Sa'an nan ga koyarwa, wadda mu ba za mu raina ba.

Abin da ke bambanta mai samu da mai rasawa

In muka duba mutanen da suka yi suna a wannan fage za mu ga wani abu. Farfesa Ibrahim Gambari, wanda ya koyar a Zariya, ya yi Ministan Harkokin Waje daga 1984 zuwa 1985, ya kuma wakilci Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1990 zuwa 1999, wannan fanni ya karanta. Farfesa Tijjani Muhammad Bande, wanda ya shugabanci Babban Taron Majalisar daga 2019 zuwa 2020, kimiyyar siyasa ya karanta, ya kuma daɗe yana koyarwa a Sakkwato. Amma Janar Joseph Garba, wanda ya riƙe wannan kujera a 1989, soja ne. Taslim Elias, wanda ya shugabanci Kotun Duniya daga 1982 zuwa 1985, lauya ne. Rilwanu Lukman, Babban Sakataren ƙungiyar OPEC daga 1995 zuwa 2000, injiniyan ma'adinai ne. Ide Umaru na Nijar, Babban Sakataren Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka daga 1985 zuwa 1989, da aikin jarida ya fara. Ngozi Okonjo-Iweala, wadda aka ba shugabancin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2021, masaniyar tattalin arziki ce. Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, wanda ya wakilci Nijeriya a Majalisar a zamanin Shugaba Shehu Shagari, malamin makaranta ne tun asali, kamar Tafawa Ɓalewa. Ko wannensu ya shiga zauren ne da wani abu a hannu wanda a ke bukata.

Sabo da haka abu na farko shi ne harshe. Ƙasashe huɗu ne ke iyaka da Nijeriya ta tudu, watau Benin, da Nijar, da Cadi, da Kamaru, kuma a cikinsu duka da Faransanci a ke rubuta yawancin takardun ofis. Cadi ta haɗa da Larabci. Ma'aikatan ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya da Ingilishi da Faransanci su ke aiki, Larabci kuma yana cikin harsunanta 6. Wanda ya je taro yana jiran tafinta, abin da aka faɗa a fili kaɗai zai ji. Maganar da a ke ƙullawa a bakin ƙofa lokacin shan shayi ta wuce shi. A nan yaranmu suna da jari biyu da ba su san darajarsu ba. Da yawansu sun fara Larabci tun suna ƙanana, abin da ya rage a gyara shi ya zama na magana da rubutun zamani. Ga kuma Hausa, wadda a ke ji daga zangunan Gana har Sudan, wadda kuma Nijar ta ɗaukaka ta zama harshen ƙasa a 2025. In aka ɗora Faransanci a kan waɗannan da Ingilishi, an sami mutumin da ba a rasa masa wuri. Gwamnatin Tarayya ma tana da cibiyar koyon Faransanci a Badagry, da ta Larabci da aka kafa a Ngala ta ƙasar Barno.

Na biyu shi ne alƙalami. Wanda ba ya iya rubuta wasiƙa mai tsabta, ko ya ɗauki bayanin taro ba ƙari ba ragi, ba shi da amfani a wannan aiki ko da ya haddace sunayen yarjejeniyoyin duniya duka. Akawunan En'e na da, kafin a sauya tsarin a 1976, da yawansu ba su wuce midil ba, amma in suka rubuta takarda ba ka samun abin gyarawa. Wannan gado ne da bai kamata a bari ya ɓace ba.

Na uku shi ne sana'a ta biyu. Ko dai yaro ya karanta hulɗar ƙasashe ya ƙara da lissafin kuɗi, ko ƙididdiga, ko aikin jarida, ko kuwa ya fara da shari'a, ko tattalin arziki, ko aikin gona, ko injiniyan ruwa, sa'an nan ya ɗora hulɗar ƙasashe a digiri na biyu. Ga ɗan talaka wanda gida ke jiran albashinsa, mu wannan hanya ta biyu muka fi ba da shawara, domin in ƙofar waje ba ta buɗe ba yana da abin yi. Wani zai ce ba a tauna taura biyu. Gaskiya ne in lokaci guda za a cusa su a baki, amma shekarun samartaka suna da yawa, ana iya cin ɗaya a bi da ɗaya.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Akwai masu cewa ƙasar da ke neman likitoci da malamai ba ta da halin ɓata 'ya'yanta a kan karatun surutu. Mun yarda bukatar likita ta fi gaggawa, kuma ba mu ce ko wane yaro ya bi wannan hanya ba. Amma maganin da likitan zai ba da, da bashin da aka gina asibitin da shi, da allurar rigakafin da a ke kawowa, duk sai da wani ya zauna da mutanen waje aka yi ciniki, aka sa hannu. In wanda ya zauna bai san aikinsa ba, ƙasa ce za ta yi shekaru tana biya. 'Yan kaɗan mu ke bukata, amma ƙwararru.

To, malamai 'yan'uwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da zai yi wannan karatu tun yana sakandare a ke gane shi: mai son labarin ƙasa da tarihi, mai sauraron labaran duniya, mai iya jayayya ba tare da fushi ba. A rataya taswira a aji a riƙa amfani da ita. A raya ƙungiyar muhawara, a riƙa sa yaro ya kāre ra'ayin da ba nasa ba, don ya koyi ganin abu ta idon abokin gardama. A riƙa ba su dogon labari su taƙaita cikin layi goma. A daina ɗaukar darasin Faransanci abin cike gurbi. A kuma duba ƙa'idodin JAMB da na jami'ar da yaro ke so tun yana aji huɗu, don ya zaɓi darussan da suka dace, kada sai ya gama a ce masa bai ɗauki tarihi ko tattalin arziki ba. 'Yan mata kuma kada a bar su baya. Hajiya Amina Mohammed, wadda aka naɗa Mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017, a Kaduna da Maiduguri ta yi makarantar firamare.

Ku kuma akawuna da magatakarda, in uba ya zo muku da takardar ɗansa, ku gaya masa gaskiya. Ku ce masa karatun na da kyau, amma jakadanci mutum ɗaya cikin masu yawa ke samu, bayan shekaru masu yawa. Ku tambayi yaron harshe nawa ya ke ji, da abin da zai yi in bai sami aikin Gwamnati ba. In ya amsa da hankali, a ƙarfafa shi. In kuwa motar nan mai tuta kaɗai ya ke hange, gara a nuna masa wata hanya tun bijimin yana turke.

Muna kuma roƙon gwamnatocin jihohin da ke kan iyaka, daga Kabi har Barno da Adamawa, su horar da malaman Faransanci a kwalejojin horon malamai, su kuma keɓe 'yan guraben tallafin karatu ga yaran da suka nuna hazaƙa a harsuna. Kuɗin da za a kashe kaɗan ne in an gwada da asarar wata guda ta rufe iyaka. Za a ci gaba da zaman shawara a kan ruwan Kwara, da tafkin Cadi, da hanyoyin fatake da makiyaya, ko da mu ko ba mu. Yaran da za su zauna a madadinmu nan da shekara 20 suna cikin azuzuwanmu yau, sai mu fara shirya su.